Kumfa Ba Ta Ƙarya

Hancina ya riga idona tashi.
Ƙarfe huɗun asuba, bakin wani tafki a Montana,
cikin gidan nan mai taya
da Baba ya bar mini a madadin gona,
sai ga warin ruɓaɓɓen ƙwai
yana rarrafe ƙasa-ƙasa, yana neman wurin kwana.

Ban taɓa makunnin fitila ba.
Ashana kuwa, ko sunanta ban kira ba.
Na wangale tagogi, na kora kare waje,
na taka raɓa ba takalmi,
na murɗe kan tukunyar gas har ya ƙi gaba.
Sannan na zauna bisa dutse, haƙora na kaɗawa,
ina jiran gari ya waye ya ba da shaida.

Marisela Quintanar ce ta fara leƙowa
daga tirelarta, shayi a hannu.
Shekara talatin ta yi tana walda a matatar mai,
yatsunta duk tabon wuta.
Ta ce, "Ajiye sifana tukuna.
Mai ɗaurewa kafin ya gani
shi ke cinye zaren noti.
Kawo sabulun wanke-wanke."

Muka kaɗa ruwa a gwangwanin wake,
muka saki gas kaɗan,
na bi gaɓa-gaɓa da tsohon burushin haƙori
kamar mai shafa wa jinjiri mai.
Wuyan tukunya, shiru.
Gajeren tiyon nan mai lanƙwasa,
fatarsa duk ta tsattsage, amma shiru.
Notin tagulla ma shiru.
Har na fara zargin hancina da tsegumi.

Ta ce, "Duƙa. Duba ƙasan regileta,
'yar kafar da yake shaƙar iska."
Ashe zanzaro ya yi gini a gefenta, rabin ɗaki.
Na kankare da tsinke, na ɗiga ruwan sabulu.
Ɗaya ta kumbura, ta fashe.
Wata ta biyo, wata ta hau bayanta,
har suka taru kamar ƙwan kwaɗo a bakin kududdufi.

"To, nan ba wurin ɗauri ba ne.
Robar ciki ce ta mutu.
Ba ta jin faci, ba ta jin lallashi.
Sai sabo."

Na goge murfin da babban yatsa.
Ga hannun Baba da jan fenti:
Alvin Tollefsen, da shekarar da ya ɗaura shi.
Sha bakwai ke nan da suka wuce,
shekarar da na daina ɗaga wayarsa.
Na ce, "Ko za a iya..."
Ta ce, "A'a," tun ban ƙarasa ba.

Mil arba'in zuwa shagon kayan ƙarfe,
mil arba'in dawowa, tsohon yana kujerar gaba
yana gungurawa duk sa'ad da na sha kwana.
Na sayo har da tiyo, tunda an zo.
Na naɗa rawayan tef a zare,
na juya kafar numfashi ta kalli ƙasa
don kada ruwan sama ya yi mata baƙunta.

Marisela ta lanƙwasa siririn tiyo, ta zuba ruwa,
gas ya tura shi inci goma sha ɗaya, ya tsaya.
Muka rufe tukunya, muka zuba ido.
Minti goma sha biyar ruwa bai motsa ba,
mu ma ba wanda ya yi magana.
Sabulu ya sake zagayawa, bai sami abin faɗa ba.

Da yamma wuta ta kama shuɗiya, ba ja ko ɗis.
Gwangwanin fentin Baba ya bushe tuntuni,
sai na ɗauko jan farce
na rubuta Runa a sabon murfi, da shekara.
Tsohon kuwa yana aljihun tebur tare da cokula.
Har yanzu, in na jawo,
yana ɗan wari.